Ledar Magungunan da Na Kai wa Likita Bayan An Gano Ina da Sugan Masu Juna Biyu

Cikina na uku yana da mako 26 lokacin da ungozomar da ke duba mu a wurin awo ta rubuta mini takardar gwajin suga. Ba don ina jin wani ciwo ba ne, domin ban da yawan fitsari da gajiya, waɗanda kowace mai ciki ta san su, ba ni da wani ƙorafi. Abin da ya sa ta tura ni shi ne amsoshin da na ba ta tun ranar da na yanki kati: shekaruna 34, mahaifina ya daɗe yana fama da ciwon suga, kuma ɗana na biyu ya zo duniya da nauyin kilo 4.2 bayan naƙudar da har yau ba na son tunawa da ita. Ta ce ko ɗaya daga cikin waɗannan ya isa a gwada mace tsakanin mako 24 zuwa 28, balle a ce sun haɗu a kan mutum ɗaya.

Gwajin yana cin safiya guda. An umarce ni da kada in ci komai bayan abincin dare sai ruwa kawai, saboda haka na isa ɗakin gwaji da ƙarfe bakwai da rabi cikina babu komai. Aka ɗebi jini, sannan aka miƙo mini kofi ɗauke da ruwan da aka narkar da giram 75 na gulukos, wato wani nau'in sukari, a ciki, aka ce in shanye cikin minti biyar, in zauna wuri ɗaya, kada in yi yawo kuma kada in ci ko da goro. Zaƙinsa ya tayar mini da zuciya ƙwarai, amma ma'aikacin ya gargaɗe ni cewa idan na yi amai sai an sake daga farko wata rana, don haka na daure. Bayan awa ɗaya aka sake ɗibar jini, bayan awa biyu aka ɗebi na ƙarshe. Sakamakon ya nuna 5.6 kafin shan ruwan, 10.7 bayan awa ɗaya, da 9.0 bayan awa biyu. Likitar da na kai wa takardar ta nuna mini iyakokin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gindaya tun shekarar 2013, wato 5.1 da 10.0 da 8.5, ta ce lamba ɗaya ma idan ta kai iyakarta ta wadatar a ce mace tana da ciwon sugan masu juna biyu, ni kuwa duka ukun sun haura.

Ta yi mini bayani a natse, kuma bayanin nan ne ya zama madogarata a duk makonnin da suka biyo baya. Mabiyiya tana fitar da wasu sinadarai da ke rage wa insulin, wato sinadarin da jiki ke ƙerawa don sauke suga a jini, ƙarfin aikinsa a jikin uwa, domin suga ya daɗe a cikin jini ya isa ga jariri. Yawancin mata jikinsu yakan ƙara yawan insulin ya rufe wannan giɓi, wasu kuma jikinsu ba ya iya kaiwa, sai suga ya hau. Sugan uwa yana ratsa mabiyiya ya shiga jinin jariri, amma insulin ɗinta ba ya ratsawa, sai jaririn ya dinga ƙera nasa da yawa yana tara kitse. Daga nan ake samun jariri mai girman da kafaɗarsa kan maƙale wajen haihuwa, kuma da zarar an yanke cibiya sugansa na iya faɗuwa ƙasa sosai. Da ta gama, sai ta ce, “Hajiya, ranar Litinin ki dawo, kuma ki zo mini da duk abin da kike haɗiya ko kike sha da sunan magani ko ƙarin lafiya, ko wane ne ya ba ki, kada ki bar ko ɗaya a gida.”

Tsakanin wannan rana da Litinin kwana huɗu ne kacal, amma a cikinsu ledar tawa ta ƙara nauyi. Labari ya bazu a dangi, kowa kuma ya zo da abin da ya ji yana sauke suga. A zauren WhatsApp na matan unguwarmu aka turo mini saƙonni a kan kirfa da hulba da ruwan shuwaka, wata kuma ta turo hoton kwalaben magnesiyam da kuromiyam tana cewa a ƙasashen waje da su ake maganin cutar ba tare da an je asibiti ba. Tsoron allurar insulin ya cika mini zuciya, domin na ga mahaifina yana yi wa kansa ita safe da yamma, don haka na je babban kemis na sayi kwalaben nan biyu da kuɗin da ya fi na cefanen mako guda. Niyyata a lokacin ita ce in sami wata ƙwaya da za ta ɗauke mini wannan lalura in huta.

Ranar Litinin likitar ta kira mai harhaɗa magunguna na asibitin, suka zazzage ledar a kan tebur. Akwai jajayen ƙwayoyin ƙarin jini da ƙananan rawaya na folik asid da ake ba mu a wurin awo, akwai kwalbar maganin ƙarin jini na ruwa da maigidana ya sayo, akwai gwangwanin bitamin da yayata ta kawo mini tsaraba daga tafiya, akwai ƙullin hulba da man habbatussauda da kwalbar zuma daga surukata, sannan ga sababbin kwalabena biyu. Na kuma faɗa musu cewa kusan kullum da yamma ina shan lemon malt gauraye da madarar gwangwani, kamar yadda aka saba ba masu ciki don jini ya ƙaru, kuma sau biyu ko uku a mako ana gasa mini hanta.

Da malt ɗin suka fara. Mai harhaɗa magungunan ya ce in karanta abin da aka rubuta a jikin gwangwanin idan na koma gida, in raba giram ɗin sukarin da huɗu, zan ga cokalin shayi nawa nake sha. Da na lissafa sai na sami kusan cokali takwas a gwangwani ɗaya, alhali sinadarin ayon, wato ƙarfen da jiki ke gina jini da shi, babu wani abin kirki a ciki, madarar kuma tana ma hana hanji tsotsar ɗan wanda ke cikin abinci. Maganin ƙarin jini na ruwa shi ma an haɗa shi da ruwan sukari mai kauri domin ya ɓoye ɗanɗanon ƙarfe, ga shi kuma aikin da yake yi shi ne dai aikin jar ƙwayar. Aka ture su gefe guda.

Gwangwanin yayata ne ya fi ɗaukar hankalinsu. Ashe ba na masu ciki ba ne, na manya ne gaba ɗaya, kuma yana ɗauke da bitamin A irin wanda ake samu a jikin dabba. Likitar ta ce wannan nau'in yana taruwa a hantar mutum, kuma idan ya yi yawa yana iya jawo wa jariri nakasa, musamman a watannin farko, shi ya sa aka iyakance wa mai ciki kada ta wuce yunit 10,000 a rana. Hantar saniya ko ta rago kuwa, yanka ɗaya mai ɗan girma ya zarce wannan adadi shi kaɗai. Jikina ya yi sanyi da na tuna yawan hantar da na ci da kyakkyawar niyya, amma ta kwantar mini da hankali da cewa hoton cikin da aka yi mini a mako na 20 bai nuna wata matsala ba, kuma gwangwanin bai fi mako uku da fara shansa ba. Ta ce karas da kabewa da manja da ganyaye suna ba da wani nau'in da jiki ke juyawa ya zama bitamin A gwargwadon buƙatarsa kawai, don haka babu fargaba a kansu, ga shi kuma a Najeriya doka ta sa ana ƙara bitamin A a man girki da fulawa tun daga masana'anta.

Sai maganar 'yar ƙaramar ƙwayar rawaya, wadda ban taɓa zaton akwai abin cewa a kanta ba. Kowace ɗaya miligiram 5 ce, alhali abin da ake so mai ciki ta sha kullum shi ne miligiram 0.4, wato ina shan ninki goma sha biyu da ɗoriya. Likitar ta bayyana cewa babban adadin yana da wurinsa: macen da take da ciwon suga tun kafin ta ɗauki ciki ana so ta fara shan miligiram 5 tun tana shirin ɗaukar cikin har zuwa mako na 12, domin lakar jariri da ƙwaƙwalwarsa suna haɗuwa ne a cikin makonni huɗu na farko, lokacin da mata da yawa ba su ma san suna da ciki ba. Ni kuwa nawa sugan a tsakiyar ciki ya bayyana, wancan lokaci ya riga ya wuce. Abin da ya fi damun ta shi ne Fansidar da ake ba mu duk wata a gaban ungozoma don rigakafin zazzaɓin cizon sauro. Wannan magani yana kashe ƙwayar cutar ne ta hanyar hana ta sarrafa folik asid, saboda haka idan mace tana shan miligiram 5 kullum, tana rage wa maganin ƙarfi da hannunta. Ta sauya mini da ƙwaya ɗaya da ta haɗa ayon miligiram 60 da folik asid miligiram 0.4. Har yau ina mamakin yadda na yi ciki biyu a baya ba tare da wani ya taɓa gaya mini wannan ba, kuma ina ganin ya kamata a riƙa faɗar sa a jawabin da ake yi wa mata kowace ranar awo.

Da aka zo kan kwalabena biyu, na yi ta kare su da abin da na karanta. Likitar ba ta yi mini dariya ba, ba ta kuma ce ƙarya ne gaba ɗaya ba. Ta ce gaskiya ne an yi bincike a kan magnesiyam da zink da bitamin D da wani sinadari da ake kira inositol, wanda aka fi gwada shi a Italiya don hana cutar tun kafin ta zo, amma yawancin binciken a kan mata kaɗan aka yi, sakamakon kuma bai kai ƙarfin da za a ce a ba kowace mai sugan ciki su a matsayin magani ba. Sannan ta faɗi maganar da ta sauya mini tunani: “Hajiya, duk ƙwayar da zan bar miki a ledar nan tana da aikinta, amma babu wadda aikinta sauke suga ne. Suga abinci ne da motsa jiki za su sauke shi, idan sun gaza mu ƙara da magani.” Hulba ta ce in ajiye har sai na haihu, domin yawanta na iya motsa mahaifa, kuma babu wanda zai iya gaya mini adadin da ke cikin ƙulli ɗaya. Mai harhaɗa magungunan ya ƙara da cewa lambar NAFDAC da ake gani a jikin magungunan gargajiya da na ƙarin lafiya ba shaida ba ce cewa suna warkar da abin da aka rubuta, har ma ya nuna mini ƙaramin rubutun da ke jikin wata kwalba inda aka ce hukumar ba ta tantance iƙirarin ba.

Na fito daga ofishin da leda kusan babu komai, sai takardar sayen na'urar gwajin suga da wani ɗan littafi. An koya mini in wanke hannu da sabulu in busar, in huda gefen yatsa maimakon tsakiyarsa don ya fi sauƙin zafi, in gwada sau huɗu a rana: da asuba kafin in ci komai, da kuma awa ɗaya bayan kowane babban abinci. Na asuba ana so ya kasance ƙasa da 5.3, na bayan abinci ƙasa da 7.8. Na'urar da na samu tana ƙirga da wani ma'auni daban, ranar farko ta nuna mini 104 har gabana ya faɗi, sai da nas ta gaya mini cewa in raba da 18, ko kuma in riƙe 95 da 140 a matsayin iyakokina. Tsinken gwajin ne ya fi cin kuɗi, domin guda huɗu a rana na nufin gwangwani mai 50 ba ya kai mako biyu, kuma a ganina da kuɗin da na kashe a kan kwalaben nan biyu tsinke na saya da ya fi mini amfani nesa ba kusa ba.

Littafin ne ya koya mini abincin gidanmu sabo. Kunu da ƙosai da safe ya kai ni 9.2, amma ƙosai da dafaffen ƙwai ba tare da kunu ba ya tsaya a 6.8. Tuwon shinkafa malmala biyu ya wuce iyaka da nisa, malmala ɗaya ƙarama ta tuwon dawa da miyar kuka mai yawa da kifi ta zauna daidai. Shinkafa da wake, idan waken ya rinjayi shinkafar kuma aka haɗa da ganye, ba ta ba ni matsala ba, haka dambun zogale da kwaɗon rama da faten wake. An yi ta yaba mini acca, na aika aka sayo mini, amma na lura cewa ita ma idan na cika faranti sugan yana hawa, wato yawan abin da aka ci yana da tasiri kamar irinsa. Fura da nono na koma shan nonon da 'yar fura kaɗan ba sukari. Jami'ar kula da abinci ta hana ni zama da yunwa, ta ce jariri yana buƙatar abinci kuma tsallake cin abinci yana da nasa haɗarin, don haka na raba cin nawa zuwa manya uku da ƙanana uku, irin su gyaɗa ko gwaiba ɗaya ko kokwamba. Bayan abincin dare kuma nakan zaga tsakar gida na minti ashirin zuwa talatin, kuma na sha gwadawa na ga bambancin daren da na taka da daren da na kwanta.

Zuma ce ta fi wuyar magana, domin surukata ta kawo ta ne da ƙauna da kuma yaƙinin cewa Alƙur'ani ya ambaci waraka a cikinta, ni ma kuma ban musa ba. Ban ga dacewar in yi jayayya da ita ba, saboda haka wata safiya da ta zo duba ni na sha cokali biyu a ruwan ɗumi a gabanta, bayan awa ɗaya na gwada na miƙa mata na'urar, na nuna mata lambar da likita ta ce kada in wuce. Ta daɗe tana kallon lambar, sannan ta ce, “To 'yar nan, gani ya kori ji. A ajiye miki ita sai kin sauka lafiya.” Daga ranar ita ce ta koma mai tsawata wa duk wanda ya kawo mini dabino ko lemon kwalba, kuma ita ta riƙa aiko mini da busasshen zogale da kuka daga gida.

A wannan tsakani ne aka tsara mini yadda zan sha ƙwayoyin da suka rage, kuma na fahimci cewa lokacin shan ƙwaya yana da muhimmanci kamar ƙwayar kanta. Gwajin yawan jini ya nuna kashi 31 cikin ɗari, alhali ana so mai ciki ta kai 33, duk da cewa na yi watanni ina shan maganin ƙarin jini. Dalilin bai ɓuya ba da aka tambaye ni yadda nake sha: da shayi mai madara nake kora shi kowace safiya, ganyen shayi da madara kuwa duk suna ɗaure ayon su hana shi shiga jini. Ga shi kuma likitar ta ƙara mini kalsiyam, saboda mai sugan ciki ta fi fuskantar hawan jinin da ke kaiwa ga jijjiga, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar giram 1.5 zuwa 2 a rana ga masu ciki a wuraren da abincinsu ba shi da wadatar kalsiyam. Shi ma kalsiyam kishiyar ayon ne a cikin hanji. Saboda haka aka raba mini shi kashi uku, miligiram 500 tare da kowane babban abinci, ƙwayar ƙarin jini kuma ta koma ƙarfe goma sha ɗaya na safe, tsakanin karin kumallo da abincin rana, da ruwa zalla da gwaiba ɗaya ko rabin lemon zaƙi, domin bitamin C yana taimaka wa hanji ya tsotse ta. Bayan gida ya koma baƙi kuma ya yi tauri, an riga an gaya mini haka zai faru, yawan ruwa da miyar kuɓewa da ganye suka sassauta shi. Bayan mako huɗu jinin ya hau zuwa 34 da ƙwaya ɗaya tak a rana.

Ƙarancin jinin ya shafi wani abu da ban zata ba. Mahaifina ya ce in nemi a yi mini gwajin da ake yi masa duk wata uku, wanda ke nuna matsakaicin suga na tsawon lokaci. Likitar ta ce ba za ta dogara da shi a kaina ba, domin a watannin ƙarshe na ciki ba ya nuna gaskiyar hawa da saukar suga, ƙarancin ayon kuma yana iya ɗaga lambarsa ba tare da sugan ya ƙaru ba, sannan ni AS ce a gwajin jinin sikila, wanda shi ma kan rikita sakamakon a wasu na'urori. Littafina na kullum, in ji ta, ya fi gaya mata abin da take son sani.

Bitamin D kuwa ita ce ta kawo maganarsa da kanta, bayan na yi ƙorafin ciwon ƙashi da na ƙugu. Na ce mata ina ganin wanda ke zaune a Kano ba zai rasa abin da rana ke bayarwa ba. Ta tambaye ni sau nawa rana ke taɓa fatata kai tsaye, sai na lissafa na ga daga ɗaki nake shiga mota, daga mota in shiga ofis, cikin hijabi da safa, gidanmu kuma bene ne. Ta ce fata ce ke ƙera wannan bitamin idan hasken rana ya sauka a kanta, baƙar fata kuma ta fi buƙatar lokaci mai tsawo, kuma ba a ba kowace mai ciki shi sai wadda aka tabbatar ko ake kyautata zaton tana da ƙarancinsa. Gwajin yana da tsada kuma sai a ɗakin gwaji mai zaman kansa na same shi, sakamakon ya nuna nawa ya yi ƙasa, ta rubuta mini yunit 1,000 a rana, ta kuma ce in riƙa zama a barandar da ba kowa da hantsi ina shan rana a hannuwa da ƙafafu. Ciwon ƙashin ya ragu bayan wasu makonni. Lambobin sugana kuwa ban ga sun motsa saboda shi ba, kuma na duba littafin da kyau domin ina son in gani.

Duk da wannan ƙoƙari, da ciki ya kai mako 30 sai sugan asuba ya ƙi sauka, kullum tsakanin 5.6 da 5.9, alhali na bayan abinci yana daidai. Na yi kuka a gaban likitar domin na ɗauka gazawata ce. Ta ce ba haka ba ne, mabiyiya tana girma ne kuma sinadaranta suna ƙaruwa, sugan asuba kuma hanta ce ke sakin sa cikin dare, ba abin da na ci ba ne kawai. Ta ɗora ni a kan ƙwayar sauke suga mai suna metformin, miligiram 500 tare da abincin dare, bayan mako ɗaya ta mayar da shi sau biyu a rana, kuma ta gaya mini tun farko cewa idan bai wadatar ba za a koma insulin, wanda ba ya ratsa mabiyiya kuma ba abin tsoro ba ne kamar yadda nake ɗauka. Kwanakin farko ya ɓata mini ciki, daga baya jikina ya saba. Cikin kwana goma lambar asuba ta sauko zuwa 5.0 da 5.1. Na tambaye ta game da bitamin B12, domin na ji cewa metformin yana rage shi, ta ce hakan yana faruwa ne ga waɗanda suka yi shekaru suna sha, ni kuwa makonni kaɗan zan yi, kuma ina cin kifi da ƙwai da nama da nono, waɗanda su ne tushensa.

Daga mako na 32 aka riƙa yi mini hoton ciki duk bayan mako huɗu don a ga girman jaririyar da yawan ruwan da take ciki, awo kuma ya koma duk mako biyu, sannan duk mako. Kowane zuwa ana auna hawan jini, ana duba fitsari, ana karanta littafina shafi bayan shafi. An gaya mini cewa ba za a bar cikin ya wuce mako 40 da kwana 6 ba ko da komai yana tafiya daidai, kuma tunda ina shan magani za a iya sa mini ruwan naƙuda kafin lokacin. Allah cikin ikonsa naƙuda ta zo da kanta a mako na 39, na haifi 'ya mace mai nauyin kilo 3.4 ba tare da tiyata ba. Ungozomar ta ɗora mini ita a ƙirji ta ce in ba ta nono cikin rabin awa, ta kuma hana a ba ta ruwan zam-zam ko dabino ko wani abu daban, domin nonon farko mai kauri shi ne abin da zai riƙe mata suga. Bayan awa uku aka huda dugaduganta aka gwada, aka sake gwadawa kafin shayarwa ta gaba, duka suka fito lafiya, amma sai da muka kwana ɗaya ana lura da ita kafin a sallame mu.

Metformin an dakatar da shi tun ranar haihuwa, kalsiyam ma haka, amma ƙwayar ƙarin jini an ce in ci gaba da ita har wata uku saboda jinin da na zubar, bitamin D kuma har in gama kwalbar a sake dubawa. A gida jego ya zo da nasa al'adun. Mahaifiyata ta dage a kan kunun kanwa, muka daidaita a kan kofi ɗaya ƙarami ba sukari, kanwar kuma 'yar kaɗan, domin likitar ta gargaɗe ni cewa gishirin da ke cikin kanwa yana tara ruwa a jiki ya wahalar da zuciyar mai jego. Zumar surukata ta fito daga inda aka ajiye ta, na riƙa shan ƙaramin cokali jefi-jefi.

Da jaririyar ta cika mako takwas na koma ɗakin gwajin nan da safe cikina babu komai, na sake shan ruwan gulukos ɗin, wannan karo tana goye a bayan ƙanwata a bakin ƙofa. Sakamakon ya nuna 4.8 kafin sha da 6.3 bayan awa biyu. Likitar ta ce sugan ya tafi tare da mabiyiya, amma macen da ta taɓa yin sa tana cikin haɗarin kamuwa da irin na mahaifina nan gaba, kuma yana iya dawowa a wani cikin, saboda haka za a riƙa gwada ni duk shekara. Ta ƙara da cewa idan muka yi niyyar sake haihuwa in zo tun kafin in ɗauki ciki, a duba sugan, a fara mini folik asid wata uku kafin lokacin, a kuma yanke adadin da ya dace da ni bisa abin da gwajin ya nuna. Ta rubuta watan da zan dawo a bayan katina, ni kuma na kwafe shi a shafin ƙarshe na littafin gwajin, na mayar da littafin da na'urar cikin akwatin da nake ajiye katin rigakafin yaran.